Iyakar da Baba Ya Yi wa Kifaye

Ko na manta komai na shekarar da Baba ya kwanta ciwo, ba zan manta ranar da ya raba faɗan kifaye ba. Har yau in na tuna sai in yi dariya, kafin in ankara kuma hawaye ya zubo.

Baba manomi ne a wani ƙauye kusa da Makoda, inda gonaki ke manne da juna. A zamanin ƙarfinsa, duk rikicin iyakar gona shi ake kira ya sasanta. Sai hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki, bakinsa ya karkace. Shi kuwa mutum ne mai gudun raini, da ya ga ana wahalar gane maganarsa sai ya daina yin ta gaba ɗaya. Ni ce babbar 'yarsa mace, don haka na dawo gida jinya.

Yayanmu da ke sayar da wake a Dawanau ne ya zo da akwatin gilashi na kifin ado, da ɗan injin iska mai aiki da sola. Na ce masa mara lafiya magani yake so, ba kifin da ba a ci ba. Ashe ni ce ban sani ba. Baba ya koma wuni gaban akwatin nan yana kallo. Cikin kifayen akwai wasu shuɗaye biyu da ake kira gurami, masu dogayen zare a ƙirji da suke laluben abu da su. Ɗaya ƙato, ɗaya ɗan tsurut.

Ba a jima ba ƙaton ya zama ɗan daba. Duk inda ƙaramin ya nufa sai ya bi shi da cizo, har ya yayyaga masa jela. Ƙaramin ya maƙale a lungu, ko an zuba abinci ba ya fitowa. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne Baba ma ya soma ƙin nasa abincin. In na kawo koko sai ya kalli lungun nan, ya ture kofin. Mutumin da ke shan magani, ina zai iya da yunwa?

Na kira Yaya a waya. Ya ce, "Cire ɗan banzan ki jefa wa kyanwa, ki huta."

Dama kaɗan nake jira. Na ɗauko rariya ina cewa, "Azzalumi, yau za ka bar gidan nan." Sai na ji an buga sanda a ƙasa.

"A'a," in ji Baba.

Rariyar ta kusa faɗuwa daga hannuna, don na manta rabon da in ji muryarsa. Na durƙusa na ce, "Baba, mugu ne fa. Kashe ɗan'uwansa zai yi."

Ya daɗe yana kokawa da harshensa, ni kuma ina jiransa. Da ƙyar ya ce, "Ba mugu ba ne. Babu iyaka. Yana ganinsa."

Na sake duban akwatin, sai na gane. Fili ne fetal, ba inda ɗaya zai ɓace wa ɗaya. Baba ya ƙara da cewa, "Gamba," wato ciyawar da yake sa a dasa tsakanin gonaki biyu.

Daga nan ya zama mai ba da umarni, ni 'yar aike. Ya sa na ɗebi ruwan akwatin a bokiti na saka ƙaton a ciki. Ya sa na nemo fasasshen tulu na wanke, na kafa a tsakiya. Na ɗebo kainuwa a kududdufi, ya sa na yi ta ɗauraye ta har na gaji, sannan na zuba a sama, saiwoyinta suka sauko kamar labule. Duwatsun ciki ma sai da ya sa na sauya wa kowanne wuri. Da na yi ƙorafi ya ce, "Kada ya gane tsohuwar gonarsa." Ya hana a mayar da ƙaton sai ƙaramin ya fito ya saba da wurin.

Ranar da aka mayar da shi, na tsaya ina kallo. Ya zagaya kamar baƙo a kasuwa. Ya hangi ƙaramin ya bi shi a guje, ƙaramin ya shige cikin saiwoyi, ƙaton ya neme shi ya rasa, ya haƙura ya koma bayan tulun ya tare a can. Na zuba abinci, kowa ya ci a ɓangarensa. Baba ya yi murmushi da rabin bakinsa ya ce, "Ina kokon nawa?" Na fita tsakar gida na sha kukana, sannan na dama masa sabo.

Baba ya rasu bayan damina ta zagayo, Allah Ya jiƙansa. Na koyi cewa ba kowane mai faɗa ake kora ba, wani, wurinsa kawai za a gyara masa. Amma babban darasin a kan Baba ne. Mun ɗauka ciwo ya tafi da mutumin da muka sani, ashe harshe kawai ya taɓa. Tun daga lokacin, in tsoho ko mara lafiya ya buɗe baki, ajiye abin da ke hannuna nake yi, in jira ya ƙarasa.