Yatsun Baba a Bangon Zaure

Jiya ina isowa Gummi na tarar da Inna a tsakar gida, ita kaɗai, tana tattaka kwaɓaɓɓiyar ƙasa da ƙafa. Raina ya ɓaci.

Kakanmu ne ya gina zaurenmu, a ciki ya karantar. Duk shekara kafin damina ɗaliban gidan ke taruwa su yi masa yaɓe. Bana ko mutum ɗaya bai leƙo ba, samari sun tafi haƙar zinari. Ga bango ya tsage tun daga azara, ga 'yan garin Zugu da suka gudo daga harin 'yan bindiga, a ciki suke kwana.

Na ce, "Inna, don Allah a rushe shi a yi na bulo, kowa ya huta."

Ta ja hannuna ta ɗora kan sawun wasu yatsu a bango.

"Wanga hannun marigayi Babanka ne, yaɓenshi na ƙarshe. Duk shekara sai in sa a kewaye shi. Bulo zai aje maka shi?"

Tun lokacin na kasa zama. Hadari na haɗuwa a gabas, ni ban taɓa yaɓe ba, amma na naɗe wando.

'Yan unguwarmu, wa zai zo ya kama mini kafin ruwa ya sauka?