Zanen Tsamiyar da Ya Kai Ni Gaban Alƙali

Edita, a sakaya sunana. Shekara uku ko huɗu kafin a sami mulkin kai, ina matar aure mai goyon fari a unguwar Soron Ɗinki. Maigidana ɗinkin hula yake yi, ni kuma ina kaɗi a cikin gida. Da kuɗin zarena na aika Kasuwar Kurmi aka sayo mini atamfa koriya mai zanen ganye. Wallahi ban taɓa son wani abu kamarta ba. Sai in buɗe adaka in shinshina ta, in mayar in rufe.

Ranar da na fara ɗaura ta, gidan suna na je a Koki. Wata 'yar ƙanwar mahaifiyata ta murza bakin zanen da yatsu biyu, ta taɓe baki, ta ce ai irin wannan ko masu tallan fura sun gaji da ita. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Na koma gida ina jin kamar tsumma na ɗauro.

Bayan 'yan kwanaki wata dillaliya da ban sani ba ta yi sallama. Daga ƙasan ƙullinta ta zaro zanen tsamiya, saƙar hannu mai nauyi, irin na matan attajirai. Ta ce in ba ta atamfata in ɗora sule biyar. Na san ya fi haka nesa ba kusa ba, kuma na ga yadda take ta waiwayen ƙofa. Ban tambaye ta inda ta samo shi ba, don ba na son in ji amsar. Maigida ma ce masa na yi aro na yi.

Na ɗaura shi zuwa wani biki a Yakasai. Ana cikin rabon tuwo na lura wata dattijuwa ta kafe ni da ido. Ta matso, ta kama gefen zanen ta juya shi, sai ga wani ɗan ɗinki da jan zare wanda ni ban taɓa lura da shi ba. Ta fasa salati. Ta ce da hannunta ta yi ɗinkin nan, zanen 'yarta ne da ta rasu wajen haihuwa, kuma wata guda ke nan da aka fasa mata adaka aka ɗauke shi. Ɗana yana tsala kuka a bayana, na kasa ko jijjiga shi.

Washegari da hantsi 'yan doka biyu suka tsaya a zaurenmu. Ina jin muryar maigida yana ba su haƙuri. Kwana huɗu ana kai ni gaban alƙali, ni da ko kasuwa ban taɓa takawa ba. Ya tambaye ni sunan dillaliyar da unguwarsu, na ce ban sani ba. Ya ce to wa zai shaide ni? Babu. Abinci ya daina shiga cikina. Tunanina ɗaya, idan aka kai ni gidan yari wa zai shayar da yaron nan. Sai a rana ta huɗu aka kama dillaliyar a wani gida da kayan mutane, ta amsa da bakinta cewa ita ta kawo mini. Aka sallame ni, amma an fi shekara ana nuna ni a gidajen biki, kuma maigida ya daɗe bai yarda da maganata ba.

Abin da nake ta juyawa har yau shi ne, babu zare ɗaya da ya sauya a jikin atamfar nan tsakanin fitata gidan sunan nan da dawowata. Idon wata na ara na dube ta da shi. 'Yan uwana mata, in kin sayi abu da guminki kuma ranki ya kwanta da shi, kada taɓe bakin wata ya raba ki da shi. In kuma aka kawo miki kaya da arhar da ta ba ki tsoro, ki tambaya tun a tsakar gidanki, kafin a tambaye ki a gaban alƙali.