Igiyar takalmin Baba Rey

Ina durƙushe ina ɗaure wa Baba Rey igiyar takalmi, sai ga malamarmu tsaye a kaina.

Lokacin ban daɗe da zuwa Greensboro ta Amurka ba, ina sitaj na koyon aikin nas a wani gida a Summerfield, inda ake kula da manya masu jinkirin fahimta. Dokar gidan ita ce, duk abin da mutum zai iya yi da kansa, kada ki yi masa. In kika karya ta, kina iya maimaita zangon.

To ni 'yar Damagaram ce. Dattijo mai furfura ya miƙo min ƙafa yana marairaicewa, in tsaya ina kallonsa? In Innata ta ji labari, ai na shiga uku. Kullum ni nake ɗaure masa a ɓoye.

Malama ta juya wajen Baba Rey. Ta dube shi ta ce, "Rey, motar zuwa shan askirim za ta tashi yanzu."

Kafin in miƙe, bawan Allah ya janye ƙafarsa ya ɗaure duka biyun tsaf.

Na ce, "Baba, ashe ka iya?"

Ya dafa kafaɗata, ya ce wa malama, "Kada ki kayar da ita. Ɗaliba ce, dole ta samu wanda za ta koya a kansa. Ta ma fara iyawa."

Dariyar da malama ta yi ce ta cece ni.

Ina ganin ladabi nake yi masa, ashe shi ke haƙuri da ni. Tsakani da Allah, wa cikinku zai iya kallon furfurar nan hannu a aljihu?