Ƙarshen Fadamar Kakana

Ɗanyar ciyawa idan ta ci wuta, warinta daban yake da na kara. Yana da ɗaci, yana tsayawa a maƙogwaro. Na shaƙe shi a hanyar Maiyama makon jiya, sai hankalina ya koma Jandutsi, shekarar da aka yanke mana jihar Kebbi.

Kakana na wajen uba yana da fadama a bayan gari. Ƙarshenta, inda ruwa ke kwanciya bayan damina, ba a yanka ciyawa, ba a sa wuta, sai 'ya'yan gauraka sun iya tashi. Haka ya tarar. Yakan ce tsuntsayen ba namu ba ne mu kaɗai. Akwai wani tsohon Bafulatani, amininsa, mai saukowa da shanu daga Nijar. A can yana kauce wa wuraren da tsuntsayen ke ƙwai da garkensa, Kaka kuma yana tsare nan. Ba takarda, magana ce kawai tsakaninsu.

A kakar nan mahaifina ya sayo injin ban ruwa. Ya ga yadda albasa ta ɗaga mutanen Aliero, kuma irinsa ya isa dashe, yana son ya dasa a ƙarshen fadamar. Kaka ya ce a jira mako uku. Mahaifina ya ce iri ba ya jiran tsuntsu, kuma gauraka ba ta taɓa cika wa kowa rumbu ba. Suka daina cin tuwo a akushi ɗaya. Gaisuwa ma sai a tsaye.

Ranar kasuwar Jega, Kaka ya tafi da akuya. Kafin azahar mahaifina ya cinna wuta. Manyan tsuntsayen suka yi ta kewaya hayaƙin suna kuka. Ƙananan ban gan su ba, ban kuma nema ba.

Da Kaka ya dawo bai ɗaga murya ba. Mahaifina ya durƙusa ya ce, "Baba, iyali nika dubawa."

Kaka ya ce, "In mutumin nan ya taho, kai za ka hita ka hwaɗa mishi."

Da Bafulatanin ya iso, mahaifina ya bi ta ƙofar baya. Kaka ne ya fita. Bayan shekarar nan tsohon bai sake sauka wurinmu ba, Kaka kuma har ya rasu bai ci miyar da aka sa albasar gonar ba.

Bana mahaifina ya rasu. Da aka shirya shi, liman ya ce a yafe masa, na ce na yafe. Da albasar nan ya tufatar da mu, ban manta ba. Amma 'ya'yana gauraka ɗaya suka sani, a gidan wani attajiri, an yanke mata fiffike. Sun tambaye ni daga ina ake samo ta. Na ce daga nesa.