Hoton Baba da Ya Shiga Duniya

Shekarun baya, lokacin da manyan wayoyi suka fara yawa a hannun samarin Haɗeja, ni da wani abokina muka buɗe zaure a intanet don masoya kogi da fadama. Shi malamin sakandare ne. Iyayensa 'yan kudancin Kaduna ne da aikin gwamnati ya kawo, amma a Haɗeja aka haife shi, kuma in yana Hausa sai ka rantse kakansa masunci ne. Yana da wata tsohuwar kyamara da yake lallaɓawa fiye da babur ɗinsa. Shi ke ɗaukar hotuna, ni kuwa na naɗa kaina shugaban zaure, duk da a lokacin ko cikin tsuntsayen ruwa ban iya bambanta dinya da kirinjijiya ba. Aikina bai wuce yi wa sababbi barka da zuwa da korar masu tallar atamfa ba.

Zauren ya karɓu fiye da yadda muka zata. Yawancin waɗanda suka shigo 'yan gida ne da neman abinci ya watsa: 'yan Haɗeja da Kafin Hausa da Birniwa da ke Legas, Fatakwal, har da ƙasashen waje. Wani zai rubuto, "Don Allah ruwa ya iso gonakin shinkafa kuwa?" Washegari abokina ya hau babur ya je ya ɗauko masa amsa.

Mahaifina masunci ne, kuma ba ya son hoto. Wata rana da kaka, bayan la'asar, muka lallaɓe shi ya ɗauke mu a jirginsa. Ni aka ba aikin kwashe ruwan da ke shigowa, don an san in aka ba ni tuƙi a gonar wani za mu kwana. Baba yana tsaye a baya yana tura jirgin da doguwar sanda, sai wani garken belbelu ya tashi daga cikin ciyawa a bayansa, rana kuma ta yi ja a kan ruwa. Na ji ƙarar kyamara.

Baba ya ce, "Malam, me ka ɗauka?"

"Kai na ɗauka, Baba."

"Ga kogi, ga tsuntsaye, ka rasa abin ɗauka sai tsoho da rigar kamun kifi?"

Kafin ya sa hoton a zaure, sai da abokina ya zo gida ya nuna masa, ya nemi izini. Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a sa, in dai masu gani ba za su tsorata ba. Abokina ya rubuta sunan kansa da ƙananan haruffa a ƙasan hoton, ya ƙara da cewa kogin Haɗeja ne.

Damina ta gaba ba ta tarar da Baba ba. Ciwo ne ɗan gajere, Allah ya karɓi abinsa. Da muka bincika gida, ba mu da wani hotonsa sai na katin shaida, inda ya zaro ido kamar an kama shi da laifi. Wancan na cikin jirgi shi kaɗai ne ya nuna shi yadda muka san shi.

Daga nan hoton ya shiga duniya. Da farko murna muke yi, ana ta turawa. Sai wata rana na gan shi a wani shafi an yanke ƙasansa, babu sunan abokina, an rubuta wai kogin Neja ne a ƙasar Mali. Wani shafin ya ce Tafkin Chadi ne. Wasu suka rubuta barka da Juma'a a kansa da manyan haruffa, har harafi ɗaya ya hau kafaɗar Baba. Abin da ya fi ba mu mamaki, wanda ya fara yanke sunan ɗan zaurenmu ne.

Da abokina ya yi magana, sai mutumin ya ce, "Haba Malam, abin da aka sa a intanet ai ya zama na kowa. Talla ma muke yi maka."

Abokina ba mai faɗa ba ne. Ya rubuta masa, "Ban hana kowa turawa ba, don a gani na ɗauka. Malami ya nuna wa ɗalibansa, mai sharhi ya yi sharhinsa, ko doka ta bar wannan ƙofar a buɗe, in dai za a faɗi mai aikin. Amma yanke suna na mene ne? Sunan ya tare maka ruwan ne ko tsuntsayen?"

Zaure ya rabu biyu, aka yi ta cacar baki. Ni kuwa na ɗaura ɗamarar lauya. Duk shafin da na ga hoton sai na aika da dogon saƙo a kan haƙƙin mallaka, ina cewa za mu haɗu a kotu, alhali iyakar sanina da kotu katangarta ce da nake hangowa daga kan acaɓa. Wasu suka gyara, suka ba da haƙuri. Ɗaya ya turo min hoton fuska mai dariya, ya toshe ni.

Ranar da abin ya taɓa ni sosai a Kano nake. Na shiga wani shagon masu sayar da hotunan bango, sai ga Baba a rataye cikin gilashi, tsakanin hoton wani masallaci da na dawakai. Na tsaya na kasa motsi. Mai shagon ya matso ya ce, "Alhaji, wannan Tafkin Chadi ne, yana tafiya sosai."

Na ce, "Mahaifina ne."

Ya fara dariya, da ya dubi fuskata sai ya daina. Ya ce wallahi shi sarowa ya yi, bai san daga ina aka samo ba. Ya tambaya ko yana raye, na ce a'a. Ya hau kujera ya sauke hoton, ya goge ƙurar da hannun rigarsa ya miƙo min.

Na kawo wa mahaifiyata ina zaton za ta ji daɗi. Ta kai shi bakin ƙofa inda haske yake, ta duba, ta ce, "Wannan ba fuskarsa ba ce. Sun goge masa tabon goshi." Gaskiya ne. Masu bugawa sun gyara fuskar ta yi sumul, sun share tabon da ƙugiya ta yi masa tun yana saurayi. Ta ajiye shi a bayan gado, ta ce, "Shi bai taɓa hana kowa shiga jirginsa ba. Amma sai an yi sallama."

Abokina ya daina sa hotuna. Ya ce ya gaji da ɗauka ana yi wa abin kaciya. Zauren ya yi tsit, sai masu atamfa suka samu fili.

Ana nan sai ga saƙo daga wata mata a Sudan, da Hausarta mai gauraye da Larabci. Ta ce mahaifinta mutumin wani ƙauye ne a bakin koginmu. Ya tafi aikin hajji ta ƙasa tun yana matashi, a hanyar dawowa ya zauna can, bai ƙara ganin gida ba. Yanzu ya tsufa, yana kwance. Ya ga hoton a wayar jikarsa da rubutun Mali a kai, ya ce ƙarya ne, wannan ruwan Haɗeja ne. Aka yi ta musu da shi, ya kafe. Ita kuma ta shafe watanni tana bin hoton daga shafi zuwa shafi, har ta dace da wani tsohon kwafi da ba a yanke ba, ta ga sunan abokina. Roƙonta ɗaya ne: a ba ta izini ta buga shi babba, ta rataya inda tsohon zai riƙa gani daga gadonsa.

Abokina bai amsa mata ba sai da ya zo gidanmu. Ya durƙusa ya gaida mahaifiyata, ya karanta mata saƙon, ya ce, "Inna, hoton nawa ne, amma mutumin naku ne. Me za a ce mata?"

Ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Ka ba ta, ɗan nan. Ka ba ta mai tabon."

Ya tura mata na asali, cikakke. Bayan 'yan kwanaki ta aiko da muryar tsohon. Yana magana a hankali, yana tambaya ko har yanzu ana kama tarwaɗa da ƙarfasa in ruwa ya fara janyewa, ko yara na tsinko bado, ko giginyun nan na bakin mashigi suna nan. Ya yi wa mai jirgin addu'a mai tsawo, mutumin da bai taɓa gani ba. Mahaifiyata ta sa na maimaita mata muryar har batir ya ƙare.

Wannan ya dawo da abokina kan kyamara. Muka kafa ƙa'ida a zaure: ka tura duk abin da kake so, amma ka bar sunan mai shi da sunan wurin, in kuma sayarwa za ka yi, ka tambaya. Ba kowa ya bi ba, amma da yawa sun bi.

Yanzu abokina ya koma Kafanchan tun da iyayensa suka yi ritaya, sai dai waya. Zauren yana nan, ba mai leƙawa. Mashigin da muka bi ranar nan kuwa ciyawar kachala ta cinye shi, jirgi ba ya iya wucewa.

Da can ina ɗaukar sunan da ke ƙasan hoto a matsayin son a sani. Daga baya na gane hanya ce. In ka yanke shi, wanda ke neman gida ba shi da inda zai bi.

Har yau hoton yana yawo. Kwanan nan na sake cin karo da shi a shafin wani da ban sani ba, an ce wata ƙasa ce can daban. Na daina maganar kotu. Na rubuta kawai cewa kogin Haɗeja ne, abokina ne ya ɗauka, na cikin jirgin kuma mahaifina ne. Ba a jima ba mutumin ya gyara, ya amso: "Allah ya jiƙansa. Wane irin mutum ne?"

Na fara rubutu na goge, na sake na goge. A ƙarshe na ajiye wayar, na tafi ɗakin mahaifiyata na zauna, na ce ta ba ni labarin ranar da ta fara ganinsa.