Ranar da Muka Shiga Metro da Ƙanƙara

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba na jin zai iya kwashe ranar da muka ratsa Alƙahira da ƙanƙara a kafaɗa.

Lokacin ina karatun fiƙihu, muna haya a unguwar Ainu Shams ni da wani ɗan Nijar mai karatun kimiyyar ƙasa. Mutumin kirki ne, sai dai bakinsa ba ya hutawa da zancen ƙanƙara. Ina cin abinci, yana ba ni labarin yadda masana ke huda ƙanƙarar Girinland su zaro ta doguwa kamar taɓarya, hawa-hawa, kowane hawa da zamaninsa. Wai ƙura da gishirin da suka daskare a ciki su ke nuna daga ina iska ta taso a zamanin da ƙanƙara ta lulluɓe arewacin duniya, da lokacin da ta sauya hanya. Ni dai "tamam" nake cewa in ci gaba da loma.

Da jarrabawarsa ta baki ta matso, wadda tallafin karatunsa ya rataya a kanta, sai ya haɗa ƙanƙarar gwaji a cikin bututun roba. Ya zuba ruwa da jan yashi, in ya daskare ya ƙara wani da gishiri, wani da toka. Firijinmu ya zama haramun gare ni. Naman miyata ma maƙwabta na kai wa ajiya.

Ranar jarrabawa, tsakiyar zafi, aka ɗauke wuta da safe. Ya fito ido jajur. "Malam, don Allah kama mini!" Muka nannaɗe bututun da bargo, muka nufi tashar metro, jirgin ƙasan cikin gari, da gudu.

A ƙofar tasha mai tsaro ya hango baƙi biyu da dogon abu a bargo yana ɗiga. Ya ɗaga hannu. "Mene ne wannan?"

Abokina ya rikice, Larabcinsa ya gudu, ya juye Faransanci tsagwaronsa. Fuskar mai tsaro ta ƙara murtukewa. Sai abokina ya matse mini hannu. "Malam, rufa mini asiri."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Ya basha, ranka ya daɗe, tarihin iska ne."

Ya sa muka kwance bargon. Na nuna jan hawan na ce nan iska mai ƙarfi ce ta kwaso ƙurar hamada ta kai ta ƙasar sanyi. Na nuna farin na ce nan kuma ta juyo ta kan teku, ga gishiri shaida. Da Larabcin huɗuba nake magana, har da ɗaga yatsa. Mutane suka taru. Wata tsohuwa ta tambaya ko za ta ɗan jingina gorar ruwanta a jiki. Mai tsaro ya fashe da dariya. "Yalla, ku ruga kafin tarihin naku ya narke!"

A cikin jirgi fasinjoji suka matsa mana ƙarƙashin fanka. Duk da haka, kafin mu sauya jirgi a Wustul Balad, tsakiyar gari, hawan jan yashin ya zama ruwa, kuma duk a jallabiyata ya ƙare, domin ni ke rungume da wannan kan.

Ina zaune a bakin ƙofar ajin na ji malaminsu na tambaya ina sauran hawan. Abokina ya ce, "Suna waje, jikin ɗan'uwana." Aka shigo da ni, aka tsayar da ni gaban allo, abokina yana nuna jan yashi a ƙirjina da sanda yana bayanin iskar hamada. Ɗalibai har da kwanciya kan benci. Malamin ya share hawayen dariya, ya yi masa tambayoyi masu zafi, ya amsa su duka. Ya ci jarrabawar, jallabiyar kuwa ba ta ƙara fari ba.

Tun daga ranar na daina raina ilimin da ba fannina ba. Duk wanda ya zauna yana gaya mini abin da ya sani, ko da ina cin abinci ne, nakan ba shi kunne sosai, domin ban san ranar da za a tare mu a ƙofa a ce ni zan yi bayani ba.