Rumbun Gwamnati Na Tsakiyar Teku

A shekarar da fari ya biyo fari, wadda har tururuwa ta gaji da mu saboda yawan tonon gidanta da muke yi, dattawan ƙauyenmu suka zauna a ƙofar masallaci suka yanke wani hukunci mai nauyi. Ni aka aika in zartar da shi, saboda haka ina da bakin magana.

Ƙauyen namu yana can gefen Bagwai, inda gona ke jingine da gona, ba ka da wurin jefa dutse sai ya faɗa a ta wani. A waccan shekarar duk gonakin sun koma fili ɗaya, fari fat. Tafasa da rama sun ƙare, an koma dusa, dusar ma ta yi tsada. Abin da ya rage a gidanmu mai suna hatsi shi ne wani ɗan damin gero na iri, zaɓaɓɓun zangarniyoyi, da Baba ya rataye a azarar ɗakinsa. A ƙarƙashinsa yake shimfiɗa tabarma, sandarsa a gefe. Inna kuwa ga jikoki suna bin ta da kwano.

"Malam," in ji ta, "iri ba ya shuka kansa. In masu shukar suka mutu wa zai binne shi?"

"In aka ci shi bana, baɗi a ci me? Ƙasa?"

Kullum maganar ke nan, safe da yamma, kamar karatun allo.

Ana cikin haka wani ɗan ci-rani ya dawo daga Ikko da saƙon Yayana, babban ɗan Baba, wanda ya tafi ci-rani damina ta zo ta wuce bai dawo ba, ya bar mana mata da 'ya'ya. Saƙon hoto ne. Ga Yaya a tsaye da takalmi sau-ciki, ya riƙe ƙugu, bayansa wani dogon gini fari, kewayayye. Ɗan saƙon ya ce shi ma bai je wurin ba, a zango aka ba shi hoton, amma an ce wurin tsibiri ne, ruwa ya kewaye shi, kuma Yaya gadi yake yi a can.

Hoton ya zagaya hannu-hannu har ya isa ga mai unguwa. Ya ɗora tabarau, ya kai shi nesa, ya kawo shi kusa, sannan ya yi gyaran murya.

"Jama'a, ku duba da kyau. Gini kewayayye, ba ɗakuna, ba tagar kirki. Ƙofa 'yar ƙarama. An yi masa hula a ka don ruwan sama. An ɗora shi a kan tudu don danshi. An kai shi tsakiyar ruwa inda ɓera da gara da ɓarawo ba sa iya zuwa. Kuma an sa masa mai gadi. Wane ne a nan bai san rumbu ba?"

Liman ya ce ai tun zamanin annabawa sarakuna ke tara hatsi domin shekarun fari, ba sabon abu ba ne. Sai aka juyo kaina, da yake ni ne masanin garin, na yi elemantare har aji uku kafin malamin ya ce zaman nawa ya isa. Na karɓi hoton, na ɓata fuska irin ta masu ilimi, na tabbatar musu cewa haka Turawa ke gina rumbu. Har gobe kuma ban janye ba. Duk mai hankali ya ga ginin nan abin da zai ce ke nan. In akwai kuskure, wajen wanda ya gina shi yake.

Abin nema ya samu, ɗanmu ne ke riƙe da ƙofar rumbun gwamnati. Aka sayar da akuyar Inna ta ƙarshe aka yi mini guzurin jirgin ƙasa. Maƙwabta suka kawo buhunansu, kowa ya ɗaura wa nasa ƙyalle don kada a gauraya. Wata tsohuwa har ta ja mini kunne cewa ita dawa take so, gero ba ya karɓar cikinta. Baba ya sa Inna ta yi alkawarin ba za a taɓa iri ba sai na dawo.

"Na ji," in ji ta. "In yaran sun jure."

Ba zan gajiyar da kowa da labarin Ikko ba, gari ne da kowa ke sauri kamar an yi gobara a gidansu. A zangon Hausawa aka nuna mini bakin ruwa, na shiga wani kwale-kwale mai inji, ƙunshin buhuna a kaina. A nan na fara ganin teku. Ban raina halittar Allah ba, amma dole in faɗi gaskiya. Na baro garin da ake faɗa a kan guga ɗaya a gindin rijiya, na tarar da ruwa iya ganin ido. Na tsoma hannu na kai baki, sai gishiri. Ba a sha, ba a ba dabba, ba a ba shuka. Aikinsa kawai ya tashi ya faɗi, ya yi ta gurnani kamar mai gidan da ba ya cefane.

Tsibirin kuwa yashi ne da itatuwan kwakwa, dogaye marasa inuwar kirki. A kan yashin ga Turawa maza da mata a kwance, sun shafe jiki da mai, sun shanya kansu kamar kilishi. Mu rana ta ƙone mana gonaki muna roƙon Allah ya kawo gajimare, su kuma sun biya kuɗin jirgi sun zo nemanta. Na kawar da kai saboda matan, na yi ta tambaya da hoto a hannu har aka nuna mini wata rumfar katako.

Yaya na zaune a ƙofarta da singileti, ƙafa ba takalmi, ya rame har ya fi ni. Yana ganina ya miƙe zumbur.

"Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu tukuna, Yaya. Suna gaishe ka."

"To ɗan boko, me ya kawo ka ƙarshen duniya? Waɗannan buhunan fa?"

"Na rumbu ne. Wannan na mai unguwa ne, wannan na Liman. Mai jan ƙyallen nan ta ce dawa take so."

"Wane rumbu?"

Na nuna masa hoton. Ya dubi hoton, ya dube ni, sai ya zauna daɓas a yashi ya kama ciki. Ya yi dariya har hawaye, har wani Bature ya ɗago kai daga shanyarsa.

"Kai da wa kuka yanke wannan?"

"Da duk dattawan gari. Har da ubanka."

Ashe shi ba ginin yake gadi ba. Rumfar nan yake gadi, ta wani Bature da ke zuwa ran Lahadi ya kwanta a rana ya koma. Takalmin hoton ma na mai ɗaukar hoton ne, aro ake ba kowa. Da na ba shi labarin damin da ke rataye a ɗakin Baba, da yadda 'ya'yansa ke bin Inna da kwano, dariyar ta tsaya. Ya daɗe yana tona yashi da ɗan yatsan ƙafa.

"Tashi mu je ka gani da idonka," in ji shi. "In ni na faɗa, za su ce na hana ne."

Muka bi wata 'yar hanya cikin ciyayi har gindin ginin. Ba zan ɓoye ba, yana da tsawo, sai ka riƙe hula kafin ka ga kansa. Amma ai dogo da hankali sai dace. Mai kula da shi wani tsoho ne mutumin kudu, da gajeren wando, Hausarsa duk ba ta wuce "sannu" ba, ita ma sai ya lanƙwasa ta. Yaya ya yi masa magana, ya buɗe mana 'yar ƙofar.

Na shiga da bismilla, hancina a buɗe, don manomi ko a makance yana gane ƙanshin hatsi. Abin da ya tarbe ni warin kananzir ne da kashin jemage. Na duba ƙasa, ko ƙaiƙayi babu. Na ƙwanƙwasa bango ko akwai wani ɗaki a ɓoye. Babu komai a cikin wannan ƙaton ciki sai matakalar ƙarfe da ta nannaɗe kamar maciji ta yi sama. Na ce wataƙila su daga sama suke zubawa, kamar yadda muke buɗe kan rumbu. Muka hau. Muna hawa ina lissafi a zuci, ginin nan zai shanye amfanin Bagwai da Shanono, a ƙaro na Tofa, bai ko ƙoshi ba. Ga yunwa ga jiri, muka kai ƙoli.

A can sama, a cikin wani ɗaki na gilashi, fitila ce. Ita ke nan. An kewaye ta da wasu gilasai masu kauri, tsohon yana goge su da tsumma kamar mai lallashin jariri.

"Yaya, ina hatsin?"

"Ba hatsi. Hasumiya ce ta jiragen ruwa. Da magariba a kunna fitilar nan, masu jirgi su hango ta daga nesa, su san nan akwai duwatsu, su kauce, su bi ta mashiga."

"Wato duk tsawon nan, duk farar ƙasar nan, aikinsa ya ce wa mutane su kauce?"

"Aikinsa ke nan."

"Ai a garinmu kare ke yin wannan, kuma ba a gina masa bene."

Ya ja ni wajen wani ɗan baranda mai dogarin ƙarfe. Iska ta nemi ɗauke mini hula. Ga teku shuɗi har inda ya haɗu da sama, ga jirage jere kamar shanu a bakin mashaya, ga birnin can a hayi yana ƙyalli.

"Ka ga kyau dai ko? Daga ƙasar Turai ake zuwa kallon wannan."

"Sun ci abinci kafin su hawo?"

"Sun ci mana."

"To shi ya sa."

Wata Baturiya da ta hawo bayanmu ta nuna ni da na'urar hotonta, wai in tsaya da buhunan a kai, teku a bayana. Na juya mata ƙeya. Hoto ɗaya a gaban ginin nan ya riga ya ci mana akuya.

Da muka sauko Yaya ya wuce gaba. Ya shiga rumfa ya fito da rediyonsa da wata riga da yake ajiya don ranar komawa gida, muka haye zuwa kasuwar bakin ruwa ya sayar da su. Abin da suka iya jawowa shi ne buhun garin kwaki da ɗan ƙunshin busasshen kifi. Ya ɗaukar mini har tashar jirgin ƙasa.

"Ba za ka zo mu tafi ba? Ruwan shuka ya kusa."

"In na biyo ka baki na ƙara muku. Nan ko ba komai ina ci sau ɗaya." Ya gyara mini ɗaurin buhun. "Ka ce wa Baba kada ya bari a taɓa irin."

Ranar da na shiga gari har yara sun tarbo ni a bakin hanya, suna ƙirga buhuna da ido. Na mayar wa kowa nasa a ninke, da ƙyallensa. A ƙofar masallaci na ba da bayani dalla-dalla, tun daga jemagu har fitila. Mai unguwa ya saurara, ya girgiza kai.

"An kwashe ne kafin ka je. Ka taɓa ganin gwamnati ta kashe dukiya haka don fitila?"

A kan wannan ra'ayin ya rasu, Allah ya jiƙansa, kuma ni ban ga laifinsa ba.

A gida na wuce ɗakin Baba kai tsaye na ɗaga kai. Damin na nan, amma ya rame, rabinsa ya tafi. Na dubi Inna.

"Kada ka dube ni," in ji ta. "Shi ya sauke da hannunsa, ranar da ƙaramar jikarsa ta daina iya kuka."

Baba ya jawo garin kwakin gabansa. Ya kwance bakin buhun, ya ɗebi garin ya murza, ya sansana.

"Wannan dusar katako ce ko me?"

"Rogo ne, Baba. Haka suke ci."

"Allah ya kyauta musu."

Ba mu san kansa ba. Inna ta fara gwada shi a matsayin kunu ya koma danƙo, ta gwada tuwo ya kama muciya. Ga tsami kamar an yi masa laifi. Amma yana da hali ɗaya, in ka zuba masa ruwa sai ya kumbura, tafi ɗaya ya cika kwano. Da shi aka yi ta jan rai, ana zagin sa ana haɗiyewa, ana ɗan tsakura wa masu buhuna. Sauran damin bai ƙara sauka ba.

Da ruwa ya sauka, irin bai kai ga gonar nesa ba, muka bar ta ga ciyawa. Gonar bayan gida kawai muka shuka. Ni ke gaba da sungumi ina sara, Baba na biye da 'yar ƙwarya. Da can tsunkule guda yake jefawa a rami bai ko duba ba. Ranar kuwa sai ya sunkuya a kan kowane rami, ya saki 'yan ƙwayoyi daga tsakanin yatsu, ya take da diddige a hankali. Jikokin na biye da shi, ya hana su tsintar ko ɗaya.